Intabiyun Neman Aiki A Bazara: Wace Riga Za A Sa?

Duk wanda ya saba zirga-zirga tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko Illela da Birnin Ƙonni, ko Maigatari da Damagaram, ba sai an ba shi labarin zafin watannin Afrilu da Mayu ba. A wannan lokaci zafi kan haura digiri 40 da tsakar rana, kwalta ta yi laushi, iska kuma ta zo kamar daga bakin maƙera. To amma masu ɗaukar aiki ba sa jiran damina kafin su kira mutum intabiyu.

Wannan magana ta shafi 'yan kasuwarmu kai tsaye. Rufe iyakar da Nijeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wadda ta biyo bayan juyin mulkin Nijar a 2023, sun nuna wa iyaye da dama cewa bai kamata gida ya dogara da rumfa ɗaya ba. Shi ya sa za ka ga ɗan Alhaji da ya gama makaranta yana kai takardunsa bankuna, da kamfanonin waya, da ofisoshin aika kuɗi, da wajen masu fitar da kaya daga hannun kwastan. Uba ya biya kuɗin makaranta shekara da shekaru, amma sai a zo ranar intabiyu a yi sake da abin da bai taka kara ya karya ba.

Na ga haka a kan wani ƙanena. An kira shi wani kamfani ƙarfe goma sha ɗaya na safe, sai ya ari baƙar kwat mai kauri wurin abokinsa, ya shaƙe wuya da lakataya, ya hau kabu-kabu. Kafin ya isa, rigar ciki ta jiƙe sharkaf, ƙura ta dafe kafaɗun kwat. Da aka fara yi masa tambayoyi hankalinsa na kan gumin da ke zuba a goshinsa, har lissafin canjin naira zuwa sefa da yake yi da ka a rumfar mahaifinmu ya gagare shi. Bai samu aikin ba. Da ma Bahaushe ya ce kayan aro ba ya rufe katara.

A fara da yadi

Masu sayar da yadi a cikinku sun fi ni sanin wannan. Auduga tana shan gumi, kuma iska na ratsa saƙarta, sai gumin ya bushe jiki ya yi sanyi. Yadin roba kuwa, wato polista, ba ya shan ruwa sosai, sai ya tsare gumi a kan fata, wari ya biyo baya. Matsalar ita ce yadin roba ya fi ƙyalli a ido kuma ya fi araha, shi ya sa samari ke faɗawa. Mai saye ya ɗaga yadin ya duba ta hasken rana, ya damƙe shi a hannu ya saki. Auduga takan yamutse kaɗan, roba kuwa ta koma yadda take.

Shadda mai nauyi da ta sha sitaci da bugu ta biki ce da Sallah. A ɗakin intabiyu sai ta riƙa ƙara duk motsin da ka yi, sitacin kuma ya toshe hanyar iska. Yadi mara nauyi ko boyel mai kyau ya wadatar.

Sai launi. Baƙi da sauran launuka masu duhu suna zuƙar zafin rana, fari da ruwan madara suna mayar da shi. Amma a kiyayi ruwan toka da shuɗi mai haske, domin su ne suka fi tona asirin gumin hammata. Singileti na auduga a ciki yana tare gumi kafin ya fito fili, kada a bar shi wai don a rage zafi.

Kaftani ko kwat?

Babu wata dokar da ta ce sai da kwat ake samun aiki a ƙasashenmu. Kaftani mai sauƙin aiki, ɗinkin da ya zauna daidai jiki, da wando da hula, shiga ce ta mutunci daga Kano har Yamai. Babbar riga kuwa a bar wa ranar ɗaurin aure, kada mai neman aiki ya fi mai ba da aikin cika ɗaki. Idan wurin irin bankunan nan ne da ma'aikata ke sa shat da lakataya, to a sa shat fara mai dogon hannu da wando mai duhu. Dabara ita ce mutum ya je wurin kwana biyu kafin ranar, ya tsaya daga nesa ya ga irin shigar ma'aikata, tunda an ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura.

'Yan mata su ma haka. Atamfar auduga ko doguwar riga mara ado da yawa, da mayafi ko hijabi mara nauyi mai launi ɗaya. Kwalliya mai yawa narkewa take yi a zafi, awarwaro masu ƙara kuma suna raba hankalin mai tambaya. Takalmi ya zama rufaffe ko sandal na fata mai tsafta, ban da silifas. Turare kaɗan ya isa, don idan ya haɗu da gumi a ƙaramin ofis sai ya zama abin gudu.

Hanya ita ce rabin aikin

Yawancin rigunan da ke lalacewa, a hanya suke lalacewa. Wanda zai taso daga ƙauyen iyaka ya yi sammako tun da sanyin safiya, ya sa tsohuwar riga a mota, ta intabiyu kuma a goge ta a ninke cikin jaka tare da takardu. Ya yi lissafin tsaye-tsayen shingayen jami'ai, ya isa da saura kamar awa guda. Ya nemi masallaci ko rumfar wani ɗan uwa kusa da wurin, ya wanke fuska, ya goge takalmi, ya canza kaya, ya sha ruwa, ya zauna a inuwa har jikinsa ya huce. Hankici biyu a aljihu ba su da nauyi. Takardun shaida kuma a sa su cikin leda ko fayil, kada gumin hannu ya ɓata su.

Ga iyaye da iyayen gida, ku da kuke auna mai neman bashi da ido tun kafin ya buɗe baki, kun san ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Haka masu intabiyu za su auna ɗanku. Yadi huɗu ko biyar na auduga da kuɗin tela ba su kai kuɗin makarantar zango ɗaya ba. A kai ɗinkin da wuri, a gwada shi mako guda kafin ranar, domin Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Shi ƙanen nawa, da aka sake kiransa wani wuri bayan wata biyu, da farin kaftaninsa ya tafi, a ninke cikin jaka. Yanzu shi ke riƙe da littafin kuɗinsu.