Calamity Jane: Marainiyar da tatsuniya ta danne tarihinta

A maƙabartar Mount Moriah da ke saman tudun garin Deadwood, a jihar Dakota ta Kudu ta Amurka, akwai kaburbura biyu maƙwabtan juna waɗanda masu yawon buɗe ido ba sa wuce su. Ɗaya na Wild Bill Hickok ne, shahararren gwanin bindiga. Ɗayan kuma na wata mata ce mai suna Martha Jane Cannary, wadda duniya ta fi sani da Calamity Jane, laƙabin da ke nufin Jane mai bala'i. Masu ziyara da dama sukan ɗauka masoya ne mutuwa ta haɗa su makwanci. A gaskiya kuwa, sanayyar da ke tsakaninsu ba ta wuce ta 'yan makonni ba.

An haifi Martha kusa da garin Princeton a jihar Missouri. Ita da kanta ta ce a 1852 ne, wasu masana kuma sun fi karkata ga 1856. A tsakiyar shekarun 1860 iyayenta suka ɗora 'ya'yansu a keken shanu suka nufi Montana, inda ake tururuwar haƙar zinare. Tafiyar ba ta yi musu daɗi ba. Mahaifiyarta ta rasu a 1866, mahaifinta kuma ya bi ta ba da daɗewa ba, bayan ya kai iyalin Salt Lake City. Ita ce babba, saboda haka ɗawainiyar ƙannenta ta faɗo kanta tun ba ta gama girma ba.

A sansanonin soja da garuruwan da ke tsirowa a bakin layin dogo na yankin Wyoming ta nemi abin sawa a bakin salati. Ta yi wanke-wanke da dafa abinci da wanki, ta yi rawa a mashaya, ta kuma kora shanun jan kaya, aikin da a lokacin na maza ne zalla. Takan sa wando da taguwar fata, ta hau doki, ta riƙe bindiga, ta shiga mashaya ta zauna cikin maza. A zamanin da ake tsammanin mace ta yi shiru a gida, wannan ya isa ya sa a riƙa nuna ta da yatsa.

A 1875 ta bi ayarin masu binciken ma'adinai da sojoji suka raka zuwa duwatsun Black Hills. Wannan ƙasa ta 'yan ƙabilar Lakota ce bisa yarjejeniyar Fort Laramie ta 1868, amma da aka ga zinare a cikinta a 1874 sai baƙi suka kwararo, alƙawari ya bi ruwa. Garin Deadwood kansa a kan wannan ƙasar ya tsiro. Nan Martha ta isa a watan Yulin 1876, cikin ayari ɗaya da Hickok. Ranar 2 ga Agusta wani mai suna Jack McCall ya harbe Hickok ta baya yana tsakar caca a wata mashaya.

Daga nan labari ya fara rabuwa da gaskiya. Tun daga 1877 marubuci Edward Wheeler ya riƙa fitar da ƙananan littattafai masu arha na jarumin da ya ƙirƙira, Deadwood Dick, ya kuma saka Calamity Jane a ciki a matsayin kyakkyawar jaruma mai ceton mutane. Masu karatu a biranen gabashin Amurka suka yi ta saye. Ita ma ba ta yi musu ba. A 1896 aka buga wani ɗan ƙaramin littafi da sunanta, wanda take sayarwa a gidajen nune-nune. A ciki ta ce ta yi wa soja aikin leƙen hanya, ta ce wani Kyaftin Egan ne ya laƙaba mata sunan bayan ta cece shi a fagen fama, har ta ce ita ce ta kama McCall da wuƙar mahauta. Masanin tarihi James McLaird, wanda ya wallafa littafi a kanta a 2005, ya bi diddigin waɗannan labarai ya tarar yawancinsu ba su da tushe.

Abin da tsofaffin mazauna Deadwood suka fi tunawa da ita shi ne jinya. Sun riƙa ba da labarin yadda ta zauna da masu cutar agana a 1878, lokacin da kowa ke gudunsu. An kuma san ta da sakin hannu ko da ita ma ba ta da shi. Sai dai giya ta yi mata mummunan kamu. Ta rayu tana yawo daga gari zuwa gari, tana renon 'yarta Jessie cikin talauci, wani lokaci ta kwana a hannun 'yan sanda. Ko a 1901, da aka kai ta babban baje kolin birnin Buffalo domin jama'a su kalle ta, abin bai ɗore ba.

Ta rasu ranar 1 ga Agustan 1903 a wani otel da ke ƙauyen Terry, kusa da Deadwood, aka binne ta gefen Hickok. Mutuwar ba ta tsayar da ƙage ba. A 1941 wata mata mai suna Jean McCormick ta fito ta ce ita 'yar Jane da Hickok ce, ta nuna wasiƙu, waɗanda masana suka ce na jabu ne. A 1953 Doris Day ta fito a matsayinta cikin fim na waƙe-waƙe da raha, sannan a 2004 tashar HBO ta dawo da ita cikin shirin Deadwood, inda aka nuna shaye-shayenta da tausayinta tare.

Marubuta da masu fim da masu harkar yawon buɗe ido duk sun ci abinci da sunanta. Ita kuwa mai sunan ta mutu ba ta da komai, mutanen garin ne suka ɗauki nauyin jana'izarta.