Hular kwano: me ke faruwa a cikinta idan kai ya bugi ƙasa?

Mutumin Zangon Kwatano ba ya rabuwa da babur. Mai zuwa tashar jiragen ruwa fiton kaya da mai komawa gida bayan sallar Juma'a, duk ɗan zemijan, wato mai babur ɗin haya mai rawayar riga, suke tsayarwa. Tun 2014 hukuma ta matsa wa masu tuƙi a kan sa hular kwano, daga watan Maris na 2024 kuma aka haɗa har da fasinja. Shi ya sa da yawa suke sayen hula don gudun ɗan sanda kawai, kowace iri ta samu. Wannan ne ke damuna, domin hular da ke raba mutum da tara daban, wadda ke ceton ƙwaƙwalwa daban.

Duk abin da ke gudu yana ɗauke da ƙarfi, kuma idan ya tsaya dole ƙarfin ya shiga wani wuri. Ba ya ɓacewa. Idan gudu ya ninka sau 2, ƙarfin ninkawa yake sau 4. Karo a gudun kilomita 30 cikin awa daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 3 da rabi, a kilomita 60 kuwa ya koma kusan mita 14, wato daga saman bene mai hawa huɗu.

Dubi masu sauke kankana daga mota. Wanda aka jefo wa ba ya sandare hannu, yakan bi ta ƙasa kaɗan kafin ya tsayar da ita, shi ya sa ba ta fashewa. Ƙarfin da ta zo da shi bai ragu ba, an dai ba shi lokaci da tazarar da zai ƙare a hankali. Kan da ya bugi siminti tsirara yana tsayawa ne cikin 'yan milimita, ƙwaƙwalwa kuma, da yake tana cikin ruwa, sai ta ci gaba da tafiya ta daki ƙoƙon kai daga ciki. In aka ninka tazarar tsayawar sau 10, matsakaicin ƙarfin bugun zai ragu sau 10.

Wannan tazarar ita ce aikin farin soso mai tauri da ke cikin hula, irin wanda ake tare talabijin da shi a kwali, mai kaurin santimita 3 zuwa 4. Cike yake da ƙananan ƙwayoyi masu iska. Da an yi karo sai su murƙushe jere bayan jere, kowane jere na cinye wani kaso na ƙarfin kafin ya isa kai. Ɓawon waje shi kuma yana baza bugun a faɗin soson, yana hana abu mai tsini hudawa, santsinsa kuma na sa kai ya zame a kan titi maimakon ya cije ya murɗe wuya.

Likitan ƙwaƙwalwa Hugh Cairns, ɗaya daga cikin waɗanda suka duba T. E. Lawrence bayan hatsarin babur da ya yi ajalinsa a Ingila a 1935, shi ne ya bi diddigin raunukan sojoji masu kai saƙo a babur, har rundunar Birtaniya ta wajabta musu hula a 1941. Masu ƙera mota ma dabarar murƙushewar nan suka bi: a 1959 Mercedes ta fitar da motar da aka tsara gabanta da bayanta su lotse da gangan, domin na ciki su tsira.

To, soson nan sau ɗaya yake aiki. In ya murƙushe ba ya dawowa, ko da ɓawon yana nan yana sheƙi. Hular da ta taɓa yin hatsari ta gama nata, kuma nan ne haɗarin ta gwanjo, don ba ka san tarihinta ba. Hular magina kuwa an yi ta ne don abin da zai faɗo daga sama, ba ta da wannan soso, ba ta kare gefen kai. Fetur ma maƙiyin soson ne, narkar da shi yake yi. A garin da ake ɗura mai daga kwalba a bakin titi, kada a rataye hula a kan tanki, kada a goge ta da tsumman mai.

Akwai wata ɗabi'a tamu: ɗora hular kwano a kan hular saƙa ko ƙaton ɗaurin ɗankwali. Sai ta zauna a ƙoƙuwa tana rawa, in kuma ba a ɗaure maɗaurin haɓa ba, ita za ta riga kai isa ƙasa. Gara a cire hular saƙar a sa a aljihu. Wajen saye, ɗaga yadin ciki ka danna soson da babban yatsa ka ji taurinsa, ka duba maɗauri ko akwai alamar E a cikin da'ira, shaidar gwajin Turai, sannan ka sa ta, ka ɗaure, ka girgiza kai. In ta juya ita kaɗai, nemi ƙarama.