Idan Gefen Hanya Ya Zafta

Tun lokacin da aka gano kwal a duwatsun Udi a 1909, aka kuma kammala hanyar jirgin ƙasa daga Fatakwal zuwa Inugu a 1916, Hausawa suke zuwa yankin Inugu domin fatauci da neman halali, har ya kasance magajin garin Inugu na farko mutumin Sakkwato ne, Malam Umaru Altine. Amma duk da wannan daɗewa, wanda ya tashi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Kano ko Katsina, ya zo ya zauna unguwar Uwani ta Inugu ko Anaca, bai cika sanin halin ƙasar tuddai ba, alhali kuwa da yawa daga hanyoyin da yake bi da shanunsa ko albasarsa, a jikin gangare aka yanke su.

Asalin illar ruwa ne. Abin da ake samu na ruwan sama a Inugu ya kai kusan ninki biyu na abin da Kano ke samu, na Fatakwal kuwa ya zarce milimita 2,000 a shekara. Ga shi kuma ƙasar tuddan nan yashi ne marar danƙo, wanda idan ya sha ruwa ya ƙoshi sai nauyinsa ya ƙaru, riƙonsa ya ragu, har ya sulale gaba ɗaya. Wanda ya ga kwazazzaban Nanka da Agulu a Jihar Anambra, ko ya bi hawan Ugwu Onyeama da tsohuwar hanyar dutsen Milliken a Inugu cikin tsakiyar damina, ba ya bukatar wata hujja. Katangar da ake ginawa domin ta tokare ƙasa a gefen hanya ma, galibi ba ƙarancin siminti ke kayar da ita ba, sai dai ruwan da ya taru a bayanta ya rasa mafita, kamar yadda soron da indararonsa ya toshe yake rushewa ko da ginin magini gwani ne.

Saboda haka idan gangare ya zafta, aikin gaggawa yana da tsari wanda bai kamata a saɓa masa ba. Da farko a rufe wannan ɓangaren hanyar, a kawar da manyan motoci daga bakin ramin, domin nauyin tirela da girgizarta suna iya ƙarasa abin da ruwa ya fara. Sa'an nan a nemi inda ruwa yake shigowa daga sama, a karkatar da shi da buhunan yashi, a yashe kwalbati da lambatu, a lulluɓe wurin da ya tsage da tamfol. Babban kuskuren da jama'a suke yi, cikin kyakkyawar niyya, shi ne su ɗauko shebur ko katafila su kwashe ƙasar da ta zubo a gindin gangaren domin a sami wucewa, ba tare da sanin cewa ita ce take tare da sauran da ke sama ba. Abin da injiniyoyi suke yi shi ne su rage nauyi daga kan gangaren, su ƙara shi a gindi, ta hanyar jibge manyan duwatsu ko jera kejin waya cike da duwatsu, wanda yake riƙe ƙasa yana kuma barin ruwa ya tsiyaye.

Bayan hankali ya kwanta ake gina katangar dindindin, da tushe mai zurfi, da tsakuwa a bayanta, da kafofin fitar ruwa a jikinta, a kuma dasa ciyawa mai doguwar saiwa irin dangin jema a kan gangaren. Wannan nauyi ne na hukuma. An kafa hukumar gyaran hanyoyin tarayya, FERMA, a 2002, kuma a 2012 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 500 domin shirin NEWMAP na yaƙi da zaizayar ƙasa, wanda ya fara da jihohi bakwai, ciki har da Inugu da Anambra.

Amma talaka ma yana da nasa wajibi, domin galibi ƙasa ba ta zaftawa sai ta yi gargaɗi: kwalta ta tsage a tsawon bakin hanya, katanga ta yi ciki ko ta karkata, turken lantarki ya sunkuya, ruwa mai laka ya riƙa ɓuɓɓugowa daga gindin gini. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan alamomi, lalle ya sanar da Sarkin Hausawa ko shugabannin kasuwa su kai wa hukuma, kuma kada ya kafa rumfa ko ya kwana a ƙarƙashin wurin. Malamanmu sun karantar da mu cewa hanya tana da hakki a kan mai bin ta; to, mu daina zuba shara a magudanai, mu daina haƙar yashi a gindin gangare. Allah Ya kiyaye mu, Ya kai matafiyanmu gida lafiya.