Murhu ɗaya a ƙauyen Uttar Pradesh

Hukumar ƙidaya ta Indiya ba da ɗakuna take gane gida ba, da madafi take ganewa: mutanen da ke zaune tare suna cin girkin murhu ɗaya, su ne gida guda. Duk wanda ya san gandu a ƙasar Hausa zai fahimci wannan, domin ranar da 'yan'uwa suka raba tukunya, ranar aka rabu, ko da katanga ɗaya ta kewaye su. A ƙauyukan jihar Uttar Pradesh da ke arewacin Indiya, wannan murhu shi ke riƙe da kaka da 'ya'yansa maza da matansu da jikoki. Sai dai nauyin riƙon bai faɗa kan kowa daidai ba, kuma wadda ta fi ɗauka ita ce ke ci a ƙarshe.

Tun kafin gari ya waye matar ɗa take tashi. Ta share tsakar gida, ta tatsi ɓauna, ta hura wuta da busasshen kashin shanu da aka lailaya aka shanya a bango, ta dafa shayi da madara da citta. Daga wani ƙauye aka auro ta, don a wannan yanki ba a cika aure cikin ƙauye ɗaya ba, saboda haka ba ta da uwa ko yaya a kusa. Idan surukinta ya shigo sai ta ja mayafi ta rufe fuska, makullin ma'ajiyar hatsi kuwa yana hannun uwar miji. Abincin yau da kullum shi ne roti, gurasar alkama marar yisti, da miyar wake da suke kira dal, da ɗan ganye da tsimin mangwaro. Roti da zafinsa ake so, ana saukewa daga kasko ana miƙawa, don haka dole wata ta tsaya a bakin wuta yayin da maigida da samari da yara ke ci. Kafin ta zauna, dal ya koma ruwa, madara ta ƙare.

Masu kare tsarin suna cewa ladabi ne, kuma juyi ne: amaryar yau ita ce uwar mijin gobe, makulli zai zo hannunta. Haka ne, amma shekarun da take jiran juyin su ne na goyon ciki da shayarwa, lokacin da jikinta ya fi buƙatar abinci. Binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2019 zuwa 2021 ya gano cewa kashi 57 cikin ɗari na matan Indiya 'yan shekara 15 zuwa 49 suna fama da ƙarancin jini. Ba tsarin cin abinci kaɗai ya jawo haka ba, amma jaririn da aka haifa da ƙaramin nauyi ba zai amfana da makullin da uwarsa za ta riƙe bayan shekara talatin ba.

Wasu kuma na ganin maganin shi ne kowa ya ware da matarsa. Nan ma akwai gaskiya, don macen da ke da murhunta ta fi sakewa. To amma a ƙauyen da tsofaffi da yawa ba su da fansho mai isarsu, samari kuma suna tafiya cin rani Delhi da Mumbai da ƙasashen Larabawa, tukunya ɗaya ce ke ciyar da gwauruwa da maraya da matar da mijinta ya yi wata goma bai dawo ba. Rushe ta asara ce babba, alhali laifin yana cikin jerin masu ci. Gwamnati ta taɓa madafin a 2016, da ta ƙaddamar da shirin Ujjwala a Ballia da ke jihar Uttar Pradesh don bai wa matan talakawa tukunyar gas. Hayaƙi ya ragu a gidajen da ke iya sake cika tukunyar, girki ya yi sauri, amma shirin bai ce komai ba game da wanda za a fara zuba wa.