Fita Da 'Yan Sakandare Zuwa Gidan Makama

Malamai da yawa sun ɗauka kai yara Gidan Makama aikin malamin tarihi ne kaɗai. To, malamin kimiyya ma yana da babban rabo a ciki, in ya san abin da zai nuna.

Gidan nan yana cikin birnin Kano, daura da fadar Sarki. Tun ƙarni na 15 aka gina shi, zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Yanzu gidan ajiye kayan tarihi ne, akwai ƙyamaren ƙofofin ganuwa, da sulke, da takubba, da hotunan Kano ta dā.

Kafin yara su duba kayan, sai malam ya tsai da su su dubi ginin kansa. Ya tambaye su, don me soron nan yake da sanyi alhali waje rana tana ƙuna? Dalili shi ne bangon tubali mai kauri ba ya barin zafi ya ratsa shi da sauri, sai ya riƙe shi da rana, ya sake shi da dare. Sa'an nan su ɗaga kai su dubi bakan gizo. Azara ce ta giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, aka jera ta hawa hawa aka lulluɓe da ƙasa, har nauyin rufi ya sauka kan bango. Abin da littafi ya zana game da nauyi da ƙarfi, ga shi a bisa kansu.

Daga nan sai a zarce karofin Ƙofar Mata, ba nisa. Marina suna zuba baba da toka cikin ruwa, su bar shi kwanaki ya ruɓa. Ƙyalle yakan fito kore-kore, iska na bugunsa sai ya koma shuɗi, domin sinadarin baba ya gamu da iskar da muke shaƙa. Yaron da ya ga wannan da idonsa ba zai manta da darasin ba.

In da sauran lokaci, a ƙare a Dutsen Dala, inda mazaunan farko suka haƙi tama suka narka ƙarfe. Masu bincike sun sami alamun wannan aiki tun wajen ƙarni na 7.

Amma fa fita ba shiri yawo ne kawai. Lalle malam ya riga yara zuwa wurin, ya shirya tambayoyi biyar ko shida, ya kasa su ƙungiya ƙungiya, kowa da fensir da littafinsa. Su yi zane, su auna kaurin bango, su gaida marina su tambaye su cikin ladabi. Kashegari kowace ƙungiya ta faɗa wa aji abin da ta gano.

Abin ba na jinkiri ba ne. Siminti yana korar tubali, karofi da yawa sun bushe, ganuwar da aka soma tun zamanin Sarki Gijimasu ta zube a wurare masu yawa. In yaranmu suka gama makaranta suna zaton kimiyya baƙuwa ce daga Turai, sa raina magini da marini, ranar da waɗannan suka kau kuwa ba wanda za a tambaya. Saboda haka, malamai, a sa wannan fita cikin shirin bana.