Ifeanyi Ubah: Daga Sayar da Taya Zuwa Majalisar Dattawa

A Nnewi, garin da ya yi suna da cinikin kayan gyaran mota, aka haifi Ifeanyi Ubah a 1971. Da sayar da taya ya fara, kafin ya kafa kamfanin mai na Capital Oil, wanda ya mayar da shi hamshaƙin attajiri. Har ƙungiyar ƙwallon ƙafa ya mallaka mai ɗauke da sunansa.

Siyasa kuwa ba ta karɓe shi da wuri ba. Ya nemi kujerar gwamnan Anambra a 2013, ya sha ƙasa.

A 2019 ya ba manyan jam'iyyu mamaki: ya lashe kujerar Sanatan Anambra ta Kudu a ƙaramar jam'iyyar YPP, ya maimaita a 2023, sannan ya koma APC. Ya rasu a Landan a Yulin 2024.