Takardun Ƙidayar Jama'a na Ingila a Matsayin Madogara wajen Binciken Salsalar Iyali

1.0 Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa al'ummu sun sha bamban a hanyoyin da suke bi wajen adana asalinsu. A inda wasu suka dogara ga hadda da bakin dattawa da maroƙa, wasu kuwa sun dogara ne ga rubutattun takardu waɗanda hukuma ko coci suka ajiye. Ingila tana cikin kashi na biyu, kuma daga cikin takardun da ta mallaka babu waɗanda masu binciken nasaba suka fi komawa gare su kamar na ƙidayar jama'a. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda waɗannan takardu suka samu, da abin da suka ƙunsa, da kuma wuraren da suke iya ɓatar da mai bincike. Batu na ƙarshe shi ya fi muhimmanci, domin kuskure guda wajen karanta shafi ɗaya yana iya sa mutum ya jingina kansa ga zuriyar da ba tasa ba, ya kuma yi shekaru yana gini a kan harsashin wani.

2.0 Samuwar Takardun

An gudanar da ƙidaya ta farko a shekarar 1801, bisa dokar da majalisa ta zartar a 1800, a ƙarƙashin kulawar John Rickman. Tun daga nan ake maimaita ta duk bayan shekara goma, in ban da 1941 da Yaƙin Duniya na Biyu ya hana. Sai dai ƙidayoyi huɗu na farko, wato daga 1801 zuwa 1831, lissafin kawuna ne kurum: gida nawa, maza nawa, mata nawa. Hukuma ba ta nemi sunaye ba, don haka amfaninsu ga mai neman kakanninsa kaɗan ne ƙwarai, sai fa a ’yan wuraren da ma'aikatan suka rubuta sunaye don raɗin kansu kuma rubutun ya tsira.

Al'amarin ya sake salo a 1841, bayan da aikin ya koma hannun Ofishin Babban Magatakarda, wanda tun ranar 1 ga Yuli 1837 ya fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa a Ingila da Wales. Aka rarraba ƙasa zuwa ƙananan yankuna, kowane da malamin ƙidayarsa. Malamin yakan raba takarda gida-gida ’yan kwanaki kafin daren da aka tsayar, ya dawo washegari ya karɓa, ya taimaki wanda bai iya rubutu ba, sa'an nan ya kwafe duk abin da ya tara a cikin littafinsa. Wannan littafi shi ake aikawa London bayan masu rajista sun duba shi. Abin lura a nan shi ne, takardun da magidanta suka cika da hannunsu daga 1841 zuwa 1901 an lalata su. Ke nan abin da mai bincike yake gani a yau kwafe ne, ba asali ba, kuma da yawan kurakuran da za a ambata nan gaba daga wannan kwafe suka samo tushe.

3.0 Abin da Kowace Ƙidaya ta Ƙunsa

Ƙidayar daren 6 ga Yuni 1841 ta kawo suna da jinsi da shekaru da sana'a, amma tana da giɓi biyu manya. Na farko, ba ta faɗi dangantakar mutanen gida da maigida ba, saboda haka mace da ta biyo bayan namiji a jeri tana iya kasancewa matarsa ko ƙanwarsa ko matar ɗan'uwansa. Na biyu, an umurci malamai su rage shekarun duk wanda ya haura 15 zuwa adadi mafi kusa na biyar-biyar a ƙasa. Alal misali, mai shekara 29 sai a rubuta masa 25, mai 64 kuma 60. Bisa ga haka, wanda aka gani da shekara 25 a wannan ƙidaya an haife shi ne tsakanin tsakiyar 1811 da tsakiyar 1816, ba lalle a 1816 ba. Game da mahaifa kuwa, tambayar ita ce ko an haifi mutum a gundumar da yake zaune ko a'a, tare da harafi guda da ke nuna Scotland ko Ireland ko ƙasar waje.

Ƙidayar 30 ga Maris 1851 ita ce ginshiƙin wannan fanni, kuma ba don komai ba sai don abubuwa uku da ta ƙara: dangantaka da maigida, matsayin aure, da ainihin garin haihuwa tare da gundumarsa. An kuma daina rage shekaru. Fa'idar wannan ta wuce shekarar kanta nesa. Tsohon da yake da shekara 80 a 1851 an haife shi wajen 1771, kuma da zarar ya ambaci ƙauyensu, ya buɗe wa mai bincike ƙofar littattafan cocin wannan ƙauye, waɗanda aka wajabta ajiye su tun 1538 a zamanin Thomas Cromwell. Ƙidayoyin 1861 zuwa 1901 sun bi wannan tsari ne da ’yan sauye-sauye.

A 1911 aka sami canji na biyu. Wannan karon an ajiye takardun magidanta, har ana iya ganin rubutun hannun kakan mutum da sa hannunsa, da kurakuran da ya soke. An kuma tambayi matan aure shekarun da suka yi a auren da suke ciki, da yawan ’ya'yan da suka haifa da rai, da nawa ke raye, da nawa suka rasu. Wannan tambaya takan tono yaran da aka haifa suka kuma mutu tsakanin ƙidaya biyu, waɗanda in ba don ita ba da babu abin da zai sa a neme su. A wannan shekara ce wasu mata masu fafutukar samun ’yancin jefa ƙuri'a suka ƙaurace wa ƙidayar, har ɗaya daga cikinsu, Emily Wilding Davison, ta ɓuya a cikin ginin majalisa a daren. Ita kuwa ƙidayar 1921, wadda aka ɗage zuwa 19 ga Yuni saboda yajin aiki, ta ƙara sunan wanda mutum yake yi wa aiki da wurin aikin, da shekaru haɗe da watanni. Da yake ta faɗo lokacin hutun bazara, an ƙidaya iyalai da dama a garuruwan bakin teku irin su Blackpool, nesa da gidajensu.

Ƙa'ida ita ce a rufe bayanan mutane har shekara 100, shi ya sa sai a Janairu 2022 aka buɗe ta 1921. Ta 1931 ta Ingila da Wales ta ƙone ƙurmus a wata gobara a Hayes cikin Disamba 1942, ba a kuma yi ta 1941 ba, don haka babu wata da za a buɗe sai ta 1951, a shekarar 2052. Abin da ke cike wannan giɓi shi ne Rajistar 1939, wadda aka ɗauka ranar 29 ga Satumba domin ba da katin shaida da rabon abinci lokacin yaƙi. Ta kawo cikakkiyar ranar haihuwa, kuma da yake hukumar lafiya ta ci gaba da aiki da ita har 1991, sau da yawa akan ga an soke sunan mace na gidansu an rubuta na mijinta a sama.

4.0 Wuraren Tuntuɓe

Ƙidaya hoto ne na dare ɗaya tak. Tana nuna inda mutum ya kwana, ba inda yake zaune ba. Yarinyar da ba a gani a gidan iyayenta ba tana iya kasancewa tana aikatau a wani gari, matuƙin jirgin ruwa yana teku, yaro kuma ya je wurin kakarsa. Rashin ganin suna ba hujjar mutuwa ba ce. Ban da haka, wasu littattafan sun ɓata, musamman na 1841 da 1861, wasu kuma na yankin Manchester na 1851 ruwa ya lalata su.

Shekaru su ne abin da ya fi cancantar zargi. Mutane da yawa ba su san shekarunsu daidai ba, wasu kuma suna da dalilin sauya su: matar da ta girmi mijinta, yaron da ake so ya shiga masana'anta kafin doka ta yarda, baran da ke neman albashin babba. Ba abin mamaki ba ne a ga mutum ya ƙaru da shekara bakwai kacal tsakanin ƙidaya biyu. Garin haihuwa shi ma yakan yi yawo. Wanda ya ƙaura zuwa birni yakan ambaci babban garin da ke kusa da ƙauyensu, don ya san malamin bai taɓa jin sunan ƙauyen ba, wani kuma yakan faɗi inda ya tashi ya ga kansa, ba inda aka haife shi ba.

Kalmomin dangantaka suna da nasu tarkon. A Ingilishin ƙarni na 19, kalmar da a yau take nufin suruki ana amfani da ita har ga agola, don haka idan aka ga "suruki" mai shekara shida, to ɗan matar maigida ne daga auren fari. Wannan kuwa alama ce da ke nuna akwai wani aure da ya kamata a nemo. Haka nan akan rubuta jika a matsayin ɗa domin a rufa asirin ’yar da ta haihu ba aure, kuma ratar shekaru tsakanin "ɗan" da sauran yara, tare da shekarun uwargida, su ke fallasa lamarin. Sana'ar mata, musamman wadda ake yi a cikin gida, sau da yawa ba a rubuta ta.

Sai kuma sunaye. Malamin ƙidaya yakan rubuta abin da kunnensa ya ji ne, kuma karin harshen wasu yankuna yana yar da harafin H a farkon kalma. Hatta sanannun mutane ba su tsira ba: a 1851 an rubuta Karl Marx, wanda ke zaune a unguwar Soho ta London, da sunan Charles Mark. A kan wannan kuskure na farko sai na biyu ya hau, wato na masu kwafe takardun zuwa kwamfuta, waɗanda kan rikita manyan haruffan L da S a tsohon rubutun hannu, ko su kasa karanta adadin da magatakardan London suka ja wa layi lokacin da suke haɗa lissafi. Wajibi ne a duba hoton shafin da ido, kada a tsaya ga fihirisa.

Wannan matsala ta fi tsanani ga baƙi, kuma a nan ne batun ya shafi manazarta Hausa. Dorugu, wanda Heinrich Barth ya tafi da shi Ingila tare da Abbega a 1855, ya zauna wurin J. F. Schön a gundumar Kent, inda ya taimaka masa a ayyukansa kan harshen Hausa, bai koma gida ba sai 1864. Ƙidayar 1861 ce kaɗai ta faɗo cikin waɗannan shekaru. Mai nemansa a ciki dole ya tuna cewa Barth kansa Dyrregu yake rubuta sunan, cewa an raɗa masa James Henry, kuma mahaifar irin waɗannan baƙi akan taƙaita ta da sunan nahiyar kawai. Hanyar da ta fi ita ce a nemi gidan ta sunan mai masaukin, sa'an nan a karanta jerin mutanen ciki.

5.0 Hanyar Aiki

Ana farawa ne daga abin da aka tabbatar a koma baya, ƙidaya bayan ƙidaya, ba tare da tsallake ko ɗaya ba. Suna da shekara kaɗai ba su isa shaida ba a ƙasar da John Smith ya cika kowane lungu. Abin da ke tabbatar da iyali shi ne haɗuwar alamu: sunayen yara a jere bisa tsarin haihuwarsu, garuruwan da aka haife su (waɗanda kan zana taswirar ƙaurar iyalin), sana'ar uba, da wata tsohuwa mai suna daban wadda daga baya za a gane uwar matar ce. Kowane zato sai a gwada shi da takardar haihuwa, wadda ke kawo sunan uwa na gidansu, ko takardar aure, wadda ke kawo sunan uban ango da na amarya da sana'arsu. Yana da kyau a karanta shafin gaba da na baya, domin dangi sukan zauna maƙwabtan juna.

Asalin takardun suna Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kew, a yammacin London, ana kuma samun hotuna ko fihirisarsu ta intanet a Ancestry da Findmypast da FamilySearch da FreeCEN. Da yake kowannensu da irin kurakuransa, wanda ya ɓace a ɗaya yakan bayyana a wani. Duk shafin da aka yi amfani da shi sai a rubuta cikakkiyar lambarsa: HO 107 ga 1841 da 1851, RG 9 ga 1861, a bi da bi har RG 15 ga 1921, sa'an nan lambar kundi da ta warƙa da ta shafi, yadda wani mai bincike zai iya komawa daidai wurin ya duba hukuncin da aka yanke.